Filin Wasa Ko Kwanon Abinci: Wanne Ya Fi Kare Ɗalibi Daga Ƙiba?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 fiye da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce ƙima, kuma miliyan 160 daga cikinsu ƙibar ta kai matsayin cuta. A ƙasar Hausa har gobe tamowa ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya, amma mai kai yara makarantun kuɗi a Kano ko Kaduna ya san teɓa ta fara sauka a jikin 'yan firamare. Makaranta tana da hanya biyu ta taimaka: ko ta fitar da yaro fili ya yi gumi, ko ta sa ido a kan abin da yake ci. Kowace hanya akwai ƙasar da ta yi suna a kanta.

A 2012 shugabar makarantar firamare ta St Ninian's da ke Stirling a ƙasar Sikotlan, Elaine Wyllie, ta lura ɗalibanta ba sa iya zagaye fili ba tare da haki ba. Sai ta fito da shirin da ake kira Daily Mile: kullum malami ya fita da ajinsa su yi minti 15 suna gudu ko sassarfa, cikin kayan makarantarsu, babu gasa, babu na ɗaya balle na ƙarshe. Ba ya cin ko sisi, shi ya sa dubban makarantu a ƙasashe da dama suka ɗauka. Yara sun ƙara juriya, sun kuma samu kwata na awa ɗayan da masana lafiya suke so yaro ya yi yana motsa jiki kowace rana. Sai dai da aka gwada shirin a makarantun firamare 40 a Birmingham ta Ingila, an tarar abin da ya rage na nauyin jiki kaɗan ne.

Dalilin a bayyane yake. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da sukarin da ya kai kusan ƙaramin cokali takwas, kuma gudun minti 15 ba ya ƙone wannan duka a jikin yaro. Wanda ya dawo daga fili ya tsaya shagon bakin makaranta ya sayi lemo da biskit da cincin ya mayar da abin da ya zubar har da riba. Makarantar da ta tsaya a gudu kaɗai kamar mai kwarfe ruwa daga ɗaki ne bai toshe inda rufin ke yoyo ba.

Japan ta bi ta wajen kwano. Tun 1954 take da dokar ciyar da ɗalibai, a 2005 kuma ta ƙara dokar koyar da ilimin abinci. Masana abinci ne ke tsara abin da za a dafa: shinkafa ko burodi, miya, kifi ko nama, ganye da madara. A cikin aji ake ci, yaran ne ke ɗaura farin ƙyalle su zuba wa junansu, malami ya zauna ya ci tare da su, sannan su kwashe kwanuka. A haka yaro ke sanin ƙimar abin da ya ishe shi. Japan tana cikin ƙasashe masu arziki da ƙibar yara ta fi ƙaranci. Amma tsarin yana buƙatar kicin da ma'aikata da kuɗi na kullum. Kuma kada a manta yawancin 'yan firamaren Japan da ƙafa suke zuwa makaranta, wato su ma ba su bar motsa jiki ba.

Idan ƙiba ake son karewa, a ganina kwanon ya fi filin nauyi. Idan kuwa ana maganar ƙarfin zuciya da huhu da ƙashi, da walwalar yaro, babu abincin da zai maye gurbin gudu. Kuskure ne a ɗora wa malamin wasanni duk alhakin ƙiba, kuskure ne kuma a soke darasinsa don a ƙara lissafi, kamar yadda ake yi a makarantun da aka buɗe cikin gidajen haya, inda ko tsakar gida babu.

Makarantunmu ba za su iya kicin irin na Japan gobe ba, amma za su iya ɗaukar ɓangaren da ba ya cin kuɗi daga kowane tsari. Shugaban makaranta yana da ikon hana sayar da lemon kwalba a harabarsa, ya tanadi ruwan sha, ya roƙi iyaye su sako wa yara ƙosai ko dafaffen ƙwai ko gyaɗa da ayaba. Yana da ikon ware minti 15 kullum, ko da langa ce ko 'yar gala-gala ko tsallen igiya. Iyaye kuma idan za su zaɓi makaranta, bayan sun tambayi sakamakon jarrabawa, su nemi a nuna musu inda yara ke wasa da abin da ake sayar musu lokacin tara.