Yadda Babbar Mota Ke Raunata Fasinja Ba Tare da Karo Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Kajiji, kan hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Bodinga da Shagari ta nufi Jega, ya saba ganin tirela maƙare da buhuna ko shanu, ga kuma mutane zaune can bisa kaya. Galibi ana zaton sai mota ta yi karo da wata ake jin rauni. Alhali kuwa babbar mota kan kashe fasinja ita kaɗai a kan titi.

Dalili na farko shi ne cibiyar nauyi, wato wurin da nauyin mota da kayanta ya tattaru. Gwargwadon tsawon lodi, gwargwadon hawan cibiyar nan sama. Idan mota ta shiga kwana, ko direba ya kauce wa rami, sai cibiyar ta karkata. Da zarar ta wuce layin tayoyi, mota ta kife. Ƙarfin da ke karkatar da ita kuwa ninkuwa yake yi har sau huɗu idan aka ninka gudu sau biyu. Shanu sukan ƙara dagula lamarin, domin sukan zame su taru a gefe guda.

Na biyu shi ne ƙa'idar da Isaac Newton ya bayyana a 1687: abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai an tsayar da shi. Birki mota yake tsayarwa. Wanda ke bisa buhu ba shi da kujera balle bel, saboda haka gaba zai ci gaba da yi. Mu ɗauki misali: mutumin da aka cilla daga motar da ke gudun kilomita 60 a awa, bugun da zai sha daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 14, kusan bene mai hawa huɗu. Shi ya sa raunin kan kasance a kai, da wuya, da ƙashin baya. Wanda kaya suka danne wa ƙirji kuma numfashi ke gagarar sa.

Idan haɗari ya auku, a fara ɗage kayan da suka danne mutane. Kada a fizgi mai rauni ko a lanƙwasa wuyansa, domin hakan na iya shanye masa jiki har abada. A sanar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa nan take.

Ɗalibai, ku bayyana wa na gida wannan lissafi. Arhar kuɗin hawa bisa kaya ba ta kai ran mutum ba.