Shirin Hunturu Tun da Kaka Ake Yinsa

Sa'ad da gero ya shiga rumbu, dawa kuma ta sunkuyar da kai a gona, hankalin kowa yakan kwanta. Ruwa ya ɗauke, abinci ya samu, ba mai tunawa da bargo. Ran nan da asuba sai uwargida ta fito dama kunu, ta tarar ruwan randa ya yi sanyi ƙarara, hazo ya rufe itacen da yake ƙofar gida, autanta kuwa ya kwana yana tari. Hunturu ya iso ke nan. A ranar ne maigida zai ruga kasuwa neman rigar sanyi, ya iske jama'a sun riga shi, mai kaya kuma ya ƙara kuɗi.

Hunturu kuwa bai taɓa zuwa a ɓoye ba. Kowace shekara yakan soma wajen ƙarshen Nuwamba, ya tsananta a Disamba da Janairu, ya yi sauƙi wajen Maris. Iskar tana busowa ne daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara, yawancin ƙurarta kuwa daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin ƙasar Chadi, inda wani babban tafki ya ƙafe tun zamanin dā. A Jos, wadda take bisa tudu mai tsayin wajen mita 1,200, ma'aunin zafi yakan sauko ƙasa da digiri 10 a wasu dararen. A Kano da Zariya da Maraɗi ma dare yakan yi ɗari ƙwarai, da rana kuwa a ji zafi. Wannan hawa da sauka, tare da bushewar iska, su ne suke wahal da jiki. Tun da mun san lokacin zuwansa, da sanyin safiya ake kama fara.

A fara da abin da yake gida

Kafin a kashe ko kwabo, uwargida ta buɗe akwati a watan Oktoba, ta fito da kayan sanyin bara duka, ta wanke, ta shanya. Rigar da ta yi wa babba kaɗan ta koma ga ƙanensa. Wadda ta yage a gwiwar hannu, allura da zare sun isa. Tsofaffin zannuwa biyu ko uku, in an haɗa su aka ɗinke, sun zama mayafi mai kauri. Bayan haka ne za a zauna da maigida a rubuta abin da ya rage, a fara da na jariri da na tsoho, gama su ne sanyi ya fi yi wa lahani.

Abin da ya zama tilas a saya, a saye shi tun kafin ɗari ya shigo. A kasuwannin gwanjo, irin su Ƙofar Wambai a Kano ko Katako a Jos, rigar sanyi ta fi araha sa'ad da mutane suke gumi. In uwargida tana adashi, ta roƙa a ba ta kwasar Oktoba. A wanke kayan gwanjo da sabulu, a shanya su a rana sosai kafin yaro ya sa.

Ga wata shawara kuma. Kirsimati a tsakiyar hunturu take faɗuwa, kuɗin makaranta kuma yana jira a Janairu. In kuɗin bai isa a yi duka ba, me zai hana kayan Kirsimatin yara su zama riga mai dogon hannu da hula da safa? Yaron ya yi adonsa ran biki, ya kuma ci moriyar kayan har Fabrairu. A tuna kuma, riguna biyu ko uku marasa kauri, ɗaya bisa ɗaya, sukan riƙe ɗumi kamar babbar riga guda mai tsada, domin iskar da take tsakaninsu ita ce take tsare zafin jiki. Rana ta yi, sai a tuɓe ɗaya.

Gyaran ɗaki

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, haka ma iska. Maigida ya zaga gidan ya duba tsaga, musamman a bangon da yake fuskantar arewa da gabas, ya toshe da laka ko ɗan siminti. Tagar da gilashinta ya fashe, kwali ya isa ya rufe ta. A rataya asabari ko tsohon bargo a bakin ƙofa, a naɗe tsumma a sa a ƙarƙashinta. Zana sabuwa ta gefen da iskar take fitowa takan kāre tsakar gida da madafa.

Mutane da yawa sukan tara mayafi a bisa, su manta da ƙasa. Amma daɓen siminti yana shan ɗumin jiki dukan dare. Yaran da suke kwana a tabarma, a shimfiɗa musu kwali ko buhu biyu a ƙarƙashinta, za a ga bambanci tun daren farko. Ƙura kuwa, kada a share ta a bushe ta tashi ta shiga ƙirji. A yayyafa ruwa tukuna, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma.

Sai dai kada a toshe ɗaki ruf. A bar wata kafa daga sama, a gefen da ba iska, da rana kuma a buɗe ƙofa da taga ɗakin ya sha iska. Dalilin wannan shi ne babbar magana a shirin hunturu.

Wutar da ake jin ɗumi da ita

Sau da yawa abin da muke yi don korar sanyi ya fi sanyin kansa haɗari. Gawayi in yana ci a ɗakin da yake rufe yakan fitar da wata iska mai guba, wadda likitoci suke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Takan shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita. Wanda yake a farke zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Wanda yake barci kuwa ba zai ji kome ba, sai da safe maƙwabta su fasa ƙofa.

Watakila mai karatu zai ce, ai kakanninmu sun kwana da wuta a ɗaki. Gaskiya ne. Amma ɗakunansu na jinka ne, hayaƙi yana fita ta cikin ciyawa da bakin ƙofa. Ɗakin yau mai siminti da silin da tagar gilashi ba ya numfashi haka. Saboda haka a ji ɗumi a tsakar gida ko a zaure, in lokacin barci ya yi a fitar da kasko waje a kashe shi. Janareta ma wannan gubar yake fitarwa, kada a kunna shi a ɗaki ko a baranda ko kusa da taga. In aka tarar da mutanen ɗaki ɗaya duka suna kuka da ciwon kai, ko wani ya kasa farkawa, a fitar da su waje nan da nan, a kai su asibiti.

Sai kuma gobara. A hunturu kome ya bushe, iska kuma tana kaɗawa. Mutanen Jos ba su manta da babbar kasuwarsu ba, wadda ta ƙone a Fabrairu 2002. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A tara kara da itace nesa da ɗakin kwana da murhu. A nome busasshiyar ciyawa kewaye da gida da rumbu. Kada a ajiye fetur a ɗaki. Kada a bar hita a cikin bokiti a tafi wani aiki, in an ɗauke lantarki kuma a cire ta daga soket, gama wutar takan dawo sa'ad da ba kowa. Bokitin ruwa ko na yashi a bakin madafa ba ya cin kuɗi.

Yara sukan matsa kusa da wuta da safe, rigunan leda kuwa da sauri suke kamawa. In yaro ya ƙone, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai sanyi, mai tsabta, har minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi asibiti. Kada a shafa ƙwai ko manja ko man goge baki.

Fata da ciki

Man kaɗanya ko basilin ya isa ga fata, ba sai mai tsada ba. A shafa shi da an fito wanka, jiki bai gama bushewa ba, a leɓe da diddige domin kaushi da faso. A yi wa yara wanka da hantsi ko da rana, a wurin da ba iska. Jariri sabon haihuwa a sa masa hula da safa, uwa ta riƙa rungume shi a ƙirjinta, amma kada a rufe masa fuska da mayafi.

Kada yaro ya tafi makaranta da ciki wofi. Kunun gyaɗa ko koko mai ɗumi da safe ya fi riga ta uku. Wake da kabewa da dankali da lemo suna samuwa a wannan lokaci. In an jiƙa wake tun dare, aka kuma rufe tukunya, itace zai yi auki. A riƙa ba yara ruwa ko ba su tambaya ba, gama a sanyi ba a cika jin ƙishirwa ba, alhali iska tana busar da jiki. Mai ciwon sikila da mai asma su ne za a fi kiyayewa, domin sanyi da ƙura suna tā da ciwonsu. A tanadi maganinsu tun da wuri.

Yaushe za a tafi asibiti?

Mura da majina sukan wuce da kansu. Abin tsoro shi ne namoniya, wato ciwon huhu. Uwa ta ɗaga rigar yaron sa'ad da yake kwance shiru, ta ƙidaya numfashinsa na minti ɗaya. In ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata 2 ba, ko 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko kuwa ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, kada a jira gobe.

Sanƙarau ma a rani yake yaɗuwa, ya fi kuma samun hanya inda mutane suka cunkushe a rufaffen ɗaki. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Alamunsa su ne zazzaɓi farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da amai, da sanƙarewar wuya, ga jariri kuwa maɗiga takan kumbura. Akwai allurar rigakafinsa. A ɗauko katin yara a duba tun yanzu, in da wadda aka tsallake a je a karɓa. A kuma ɓoye ɗan kuɗin mota da ba za a taɓa ba, domin ciwo ba ya jiran ƙarshen wata.

In kun gama naku, ku leƙa ta katanga. A kowace unguwa akwai gwauruwa ko tsoho da ba shi da mai toshe masa tsagar bango. Saurayi ɗaya da kwanon laka zai gama aikin kafin azahar, tsohon bargon da ya ragu a akwatinku kuma ya sami inda zai kwana.