Kimtsa Gida Bayan Kaka: Kome Da Mazauninsa

 A wannan fitowa za mu bar gona tukuna, mu shiga cikin gida.

Gidan manomi ya wuce wurin kwana. Shi ne rumbu, shi ne turken awaki, shi ne ma'ajin taki da maganin feshi, shi ne kuma filin wasan yara. Da zarar an gama girbi, gero da dawa da wake da gyaɗa da shinkafa duk su kan taho gida. Tare da su kuwa sai ga ragowar taki, da rabin kwalbar maganin ciyawa, da injin feshi, da tsofaffin buhuna, da jarkar fetur ta injin ban-ruwa. Kowa ya ajiye nasa inda hannunsa ya kai, da nufin gobe a gyara. Goben nan ba ta kan zo ba sai wani abu ya faru.

Babba yana tafiya a tsaye, yana tsallake abin da ke ƙasa. Yaro mai rarrafe kuwa a ƙasan ya ke zaune, kuma duk abin da hannunsa ya kama, baki za shi. Saboda haka ga ma'aunin da mu ke ba da shawara a yi aiki da shi: mutum ya tsuguna a tsakar gidansa, ya dubi abin da yaro ɗan shekara ɗaya zai iya kaiwa gare shi. Abin da ya gani daga nan, shi ne aikin da ke gabansa.

Darasi daga maƙwabta

Kada wani ya ɗauka maganar ado mu ke yi. A shekarar 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara suka yi ta jijjiga suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Abare da Bagega. Da ƙungiyar likitoci ta MSF da sauran masu bincike suka duba, sai aka tarar gubar dalma ce. Masu haƙar zinariya suna kawo duwatsu cikin gida, ana daka su a turmi, ana niƙawa, ana shanyawa a tsakar gida. Ƙurar ta gauraye da ƙasar da yara ke wasa a kai. Yara aƙalla 400 suka rasu, yawancinsu ba su kai shekara 5 ba. Kafin a shawo kan abin, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka kwashe, aka zuba sabuwa. Ba a yi wa Bagega wannan aiki ba sai a 2013.

Iyayen nan ba su ƙi 'ya'yansu ba. Neman abinci su ke yi, sai dai kayan sana'a ya zauna wuri ɗaya da yara. Mu manoma ba dutsen zinariya mu ke kawowa gida ba, amma muna kawo abubuwan da ƙarfinsu ya isa ya kashe yaro cikin wuni ɗaya.

Tsibi uku

A zaɓi rana guda, a ɗauki ɗaki ɗaya kawai. A fitar da kome waje a kan tabarma, a share, sa'an nan a kasa kayan tsibi uku.

Tsibi na fari, abin da a ke amfani da shi. Wannan zai koma ciki, amma sai an yanka masa wuri. Na biyu, abin da ke da sauran amfani amma gidan ba ya bukatarsa: tufafin da yara suka girme wa, da tukunya ta uku da ba a ɗora ta ba tun bara, da ƙarafan tsohon keke. Waɗansu a ba mabukata, waɗansu a kai kasuwa, ƙarfe kuwa a sayar wa 'yan gwangwan. Na uku, abin da ya mutu: fasassun kwalabe, da ruɓaɓɓun buhuna, da takalmi wari ɗaya, da maganin asibiti da ya daɗe. Idan abu ya yi damina biyu ba wanda ya neme shi, da wuya a neme shi a ta uku.

Akwai abu biyu da za a kiyaye a nan. Kwanoni da tasoshin jeren uwargida dukiyarta ce, waɗansu tun na aurenta ne. Maigida ba shi da ikon zubar da su ko sayarwa. Ita ma kada ta yar da guntun ƙarfen da ba ta san amfaninsa ba, wataƙila na garma ne. A zauna tare a yi shawara. Abu na biyu, tsohon batirin mota ko na wutar sola dalma ce a cikinsa. Kada a fasa shi a gida, kada a bar yara su hau shi. A miƙa wa mai saye yadda ya ke.

Guba ta fita daga ɗakin kwana

Wannan shi ne babban aiki, da shi ya kamata a fara. Maganin ƙwari, da maganin ciyawa, da maganin ɓera, da fiya-fiya, da irin shuka da aka cuɗa da magani, da kalanzir, da fetur, duk wurinsu ɗaya ne: akwatin ƙarfe ko ɗan ɗaki mai kwado, nesa da abinci, nesa da wurin kwana, makulli kuwa a hannun babba. Ƙarƙashin gado ba maɓoya ba ne, can ne yaro ya fi shiga.

Kada a juye magani ko kalanzir a cikin kwalbar lemo ko gorar ruwa. Yaro bai iya karatu ba, kwalbar ya sani. A watannin bazara, sa'ad da zafi ya tsananta, duk abin da ya ga kamar ruwa zai kai baki. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da makamantansa a kasuwa da kantunan kayan masarufi, domin maganin gona ne, amma mutane sun mai da shi na cikin ɗaki.

Idan magani ya ƙare, a ɗauraye kwalbar sau 3, a juye ruwan ɗaurayar a cikin injin feshi a fesa a gona, sa'an nan a huda kwalbar. Kome kyanta, kada a zuba mata ruwan sha ko man gyaɗa. Rigar feshi a wanke ta dabam, ba tare da kayan yara ba.

In tsautsayi ya gitta yaro ya sha, kada a ɗura masa manja ko madara, kada kuma a sa shi amai. Idan kalanzir ne ko fetur, amai ya kan tura shi cikin huhu, can ne kuwa ya ke yin kisa. A tuɓe rigar da maganin ya taɓa, a wanke jiki da sabulu, a garzaya asibiti mafi kusa, a tafi da kwalbar domin ma'aikata su san abin da ya sha.

Hatsi, ɓera da maciji

Buhun da aka jingina da bango a ƙasa gidan ɓera ne. A jera buhuna a kan katako ko itatuwa, a bar tazara tsakaninsu da bango yadda tsintsiya da kyanwa za su wuce. A share ƙarƙashin rumbu, a lalle tsagar da ke jikinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ɓera ba hatsi kaɗai ya ke ci ba. Fitsarinsa da kashinsa a kan abinci su ke kawo zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu, sa'ad da ya kama ma'aikatan jinya na asibitin mishan. Don haka sauran tuwo da garin da aka niƙo a rufe su da murfi, ko a rataye a ragaya. Inda ɓera ya yi yawa kuma, maciji na tafe. Tsibin itace, da tarin tubali, da tsofaffin tukwane a bayan ɗaki, su ne masaukin kumurci da kunama. A kai su gefen danga, a ɗaga itacen daga ƙasa.

Game da ƙwayar Phostoxin da a ke sa wa hatsi, mu sani iska ce mai guba ta ke fitarwa, iskar kuwa tana ratsa buhu, tana bin ƙofa da saman bango. Ba a kwana ɗaki ɗaya da hatsin da aka sa wa ita, har ɗakin da ke manne da shi ma akwai hatsari. Ga wake akwai hanyar da ba ta bukatar magani, watau buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhu a waje. A busar da wake sosai, a matse iska, a ɗaure kowane ruɓi dabam. Ƙwarin da ke ciki su kan mutu don rashin iska.

Ruwa da wuta

Gwangwani, da tsohuwar taya, da fasasshen tulu, duk su kan tare ruwa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kamar mako ɗaya ne zuwa kwana 10 idan akwai ɗumi. Ashe ke nan wanda ya ke kifar da su kowane mako ya yanke wa sauro hanya. Sauron gwangwani da taya shi ke kawo shawara da zazzaɓin dengi, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a Jihar Sakkwato a 2023. Na zazzaɓin cizon sauro ya fi son kududdufi da ramukan da ruwa ke kwanciya, sai a cike na cikin gida da ƙasa, a kuma gyara kwata ta riƙa wucewa.

Randa ta samu murfi da moɗa ta kanta, a rataye. Rijiya a yi mata baki da marufi mai nauyi. Bokiti ko baho da ruwa kada a bar shi a tsakar gida, gama yaro mai koyon tafiya idan ya faɗa da ka, ba ya iya ɗagowa, ruwa kaɗan ya ishe shi. Salga ta zauna a rufe, sabuwar da za a haƙa kuwa ta yi nisan mita 30 daga rijiya.

Da hunturu kome a bushe ya ke, ga iska. Karan dawa da harawa da ciyawar dabbobi a ɗora su a kan rumfa, can nesa da murhu. A yi wa murhu ɗan katanga da laka, domin yara masu jin ɗumi kada su faɗa wa tukunya. Ashana ta hau kanta. Lauje da adda da gatari da magirbi a rataye su a ƙusa, sama da kan yaro.

Yara su ma su kama

Gyaran da uwa kaɗai ta yi ba ya kwana uku. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ɗan shekara 3 ya isa ya mai da takalminsa bakin ƙofa. Ɗan shekara 6 ya isa ya naɗe tabarmarsa, ya kai kwanonsa wurin wanki. Ɗan shekara 10 ya isa ya share turke, ya kai kashin awaki da toka ramin taki, ya zagaya ran Asabar yana kifar da gwangwanaye. Wannan har da maza. Yaron da ya iya riƙe fartanya ya iya riƙe tsintsiya.

A ba kowane yaro kwando ko kwali nasa, da ƙusa guda daidai tsawonsa don jakar makaranta. Idan abu yana da wuri, yaro ya kan iya mayar da shi. Idan ba shi da wuri, faɗa ba ya magani. Kafin duhu a ɗauki ɗan lokaci kowa ya mai da abin da ya ɗauko. Amma aiki ɗaya ba na yara ba ne ko kaɗan: ba a aiken yaro sayen maganin ƙwari, ba a ce ya miƙo shi, ba a ba shi kwalbarsa ya yi wasa.

Takardu ma a tara su wuri ɗaya. Katin rigakafi, da takardar haihuwa, da sakamakon makaranta, da takardar gona, da katin ƙungiya, a sa su cikin leda, a rufe a akwatin ƙarfe, a ɗora sama inda gara da ruwa ba sa kaiwa.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Tsofaffinmu suna tuna duba-gari, wanda ya kan shiga gida ya buɗe randa ya leƙa salga. Waɗansunmu kuma sun ga sharar dole ta zamanin Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wanda aka ƙaddamar a 1984. Tsabtar da aka yi don tsoron tara ta kan tafi tare da mai sanda. Wadda maƙwabta suka yarda da ita a tsakaninsu ta fi daɗewa.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta sa abu uku a taronta na gaba. Na ɗaya, a samu ɗaki guda mai kwado inda 'yan ƙungiya za su ajiye magani da injin feshi, kowa da sunansa a jikin kayansa, da littafin shiga da fita. Na biyu, a haɗa kuɗi a sayi magani daidai bukata, domin kada ragowa ta kwana a gidaje. Na uku, a yi gayyar gyaran gida kamar yadda a ke gayyar noma, a fara da gidajen tsofaffi, da gwauraye, da masu jego. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aikin nan ba ya cin kuɗi sai na kwado da 'yan ƙusoshi. Wanda ba zai iya gama kome a wannan mako ba, to, ya fara da kwalbar da ke ƙarƙashin gado, ya fitar da ita yau kafin yara su kwanta.