Dasa Haƙori: Ina Ake Samo Ƙashin da Ake Cike Muƙamuƙi da Shi?

Idan kana yawan leƙa TikTok ko YouTube, da wuya ba ka ci karo da bidiyon dasa haƙori ba: a ɗaura wani ɗan ƙarfe a muƙamuƙi, a ɗora haƙori fari tas a kai, cikin minti ɗaya an gama. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne aikin watannin da ake yi kafin nan.

Ƙarfen nan titaniyom ne. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya gano cewa ƙashi yana manne wa titaniyom kamar jiki ɗaya, ya kuma dasa wa mutum na farko a 1965. Amma fa sai da ƙashi ƙarfen zai kama. Da zarar an cire haƙori, ƙashin wurin yana fara zaizayewa, har faɗinsa kan ragu da kusan rabi a shekarar farko. Matashin da ya rasa haƙori a hatsarin babur a hanyar Danja zuwa Funtuwa, ko wanda ya karya shi garin shan rake, idan ya bar giɓin shekaru, zai iya tarar da tushen ya sirance. Sai an yi ciko.

Mafi kamawa shi ne ƙashin mutum na kansa, daga haɓa, ko bayan muƙamuƙin ƙasa, ko ƙugu idan ana buƙatar mai yawa. Ƙashi ne mai rai, jiki ya san shi, sai dai ciwo biyu za ka yi jinya. Akwai kuma na wani mutum da aka tsabtace aka adana, da na haɗin masana'anta da ake yi da sinadaran kalsiyom.

Wanda ya kamata ka tsaya a kansa shi ne na dabba. Yawanci na saniya ne, kamar Bio-Oss na kamfanin Geistlich da ke Suwizalan. Ana sarrafa shi har ya rage ma'adinin zalla, kamar tsakin gero, sai ƙashinka ya bi ta cikinsa ya tofo. To amma akwai na alade a kasuwa, kuma 'yar fatar da ake rufe cikon da ita sau da yawa daga alade ake yin ta. Ka tambayi likita sunan abin da zai saka maka da asalinsa kafin ka sa hannu. Ba rashin kunya ba ne.

Wani lokaci ana zuba cikon a ramin tun ranar da aka cire haƙorin, wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A haƙoran sama na baya kuwa, akwai kogon iska a gefen hanci. Sai an ɗaga shimfiɗarsa sannan a cusa ƙashi a ƙarƙashi. Na'urar CBCT, mai ɗaukar hoto ta kowace fuska, ita ke nuna wa likita kaurin ƙashin da milimita a kwamfuta.

Warkewa kan ɗauki wata 4 zuwa 9, kuma sigari da ciwon sukarin da ba a kula da shi ba suna lalata aikin. Mutumin Danja zai iya fara neman shawara a sashen tiyatar baki da muƙamuƙi na asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya, ko na Malam Aminu Kano.