Tamowa a Mashi da masu bin diddigin kasafin kuɗi

A shekarar 2022, wani binciken ƙungiyar likitoci ta MSF ya gano cewa kashi 27 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka auna a ƙaramar hukumar Mashi, a shiyyar Daura ta jihar Katsina, na fama da tamowa.

Abin mamakin shi ne, a lokacin Mashi ba ta cikin yankunan da 'yan bindiga suka fi addaba. Ke nan matsalar ta wuce ta tsaro.

A nan ne cibiyoyin nazari masu zaman kansu ke shigowa, irin su CISLAC, wadda aka kafa a 2005, kuma Auwal Musa Rafsanjani ke jagoranta.

Su ba sa raba hatsi ko magani. Aikinsu shi ne tantance kasafin kuɗi, da matsa wa 'yan majalisa lamba kan kason talakawa.

Hujjar da suka fi kafawa ita ce alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi.

Sai dai warewa a takarda daban, sakin kuɗin daban, kuma cibiyoyin ba su da ikon tilasta wa gwamnati.

Abincin jinyar tamowa ya daɗe yana dogara ga tallafin ƙasashen waje, wanda Amurka da Birtaniya suka zaftare. MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina a watanni shida na farkon 2025.