Daga Kaduna Zuwa Jidda: Awa Nawa Ne a Jirgi?

Yau hirar tamu ta maniyyata ce, da ke mai shirin tafiya da ke da za ki zauna gida kina jiran waya.

Maniyyaciyar Birnin Gwari takan fara da mota zuwa Kaduna, tafiyar kilomita 120 ko kusa da haka, ta sauka sansanin alhazai na Mando. Daga filin jirgin Kaduna zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kuwa, in an miƙe sak, kimanin kilomita 3,600 ne. Kin ga kamar ki yi hanyar Birnin Gwari zuwa Kaduna sau 30 ke nan. In Madina za a sauka, nisan ya ɗan ɗara, wajen kilomita 3,750.

To, awa nawa ke nan? Babban jirgi yakan ci kilomita 850 ko fiye a awa ɗaya. In kin lissafa, awa huɗu da 'yan mintuna ne. Ki ƙara da lokacin tashi da na sauka, sai ya kama awa huɗu da rabi zuwa biyar. Kakanninmu da suka bi ta Borno da Chadi da Sudan a ƙafa ko kan jaki, watanni suke yi, wasu ma shekaru.

Sai dai ba kullum jirgi ke samun miƙaƙƙiyar hanya ba. Hanyar ta saman Chadi da Sudan take bi, sannan a tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazan waccan shekara suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙaru da kamar awa biyu, kuɗin jirgi ma ya ƙaru. Don haka ki sa Maigida ya tambayi jami'an alhazai tsawon tafiyar shekarar da za ki tafi.

Ga wani abu da ke rikita mutane: agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. In jirgi ya tashi ƙarfe 10 na dare ya yi awa biyar, a nan ƙarfe 3 ne, a can kuma ƙarfe 5 na asuba. Saboda haka ke mai shan maganin hawan jini ko na ciwon suga, ki zauna da likita tun kafin tafiya ya tsara miki lokutan sha. Maganin kuma ya zauna a jakar hannu, kada ya shiga babban akwati. A cikin jirgi ki riƙa shan ruwa, kina motsa ƙafafu, don dogon zama na kumbura su.

Ke kuma ta gida, kada hankalinki ya tashi don awa biyar ta cika ba ki ji Hajiya ba. Bayan sauka akwai layin duba fasfo, da jiran kaya, da neman layin waya, ga tafiyar mota. Duk wannan na iya cin wasu awoyi.

Allah Ya kai su lafiya, Ya dawo mana da su lafiya. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.