Kafin Ka Sayi Wilin Mota, Auna Zurfinsa

Kaka ta yi, kuɗi sun shigo hannu. Wannan ne lokacin da masu motocin haya na Gaya da Ajingi suke gyaran motocinsu. Wasu kan tafi Ƙofar Ruwa a Kano su sayo wili na gwanjo, wato ƙarfen nan da ake ɗaura taya a kansa. To jama'a, akwai wani abu da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi.

Yawancin mutane ramukan noti kawai suke ƙirgawa. Lalle ramukan suna da muhimmanci. Wilin Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ramuka huɗu gare shi. Na tsohuwar Golf ma huɗu ne. Amma tazararsu ba ɗaya ba ce: na Fijo milimita 140, na Golf milimita 100. Wannan ba ya ɓuya, don wilin ba zai ma shiga ba.

Abin da yake ɓuya shi ne zurfi. A cikin kowane wili akwai faffaɗan wuri mai ramuka, wanda yake zama a jikin ƙafar mota. A wani wilin wurin nan yana tsakiya. A wani kuwa ya matso waje. Saboda haka wili biyu za su iya shiga mota ɗaya, noti ya ɗauru sarai, amma ɗaya ya nutse ciki, ɗaya ya turo waje.

In ya nutse ciki da yawa, taya za ta riƙa gogar shokazoba, ko wilin ya taɓa birki. In ya turo waje, taya za ta goga bakin jikin mota, sitiyari ya yi nauyi, boris ya riƙa lalacewa da wuri. Abin haushi, a gareji ba a ganin komai, don motar ba kaya. Sai ranar Juma'a an labta mata buhunan gero daga Toranke ko Kademi za a kasuwar Wudil. Motar ta zauna, ta faɗa rami, ƙarfe ya fara yankar gefen taya. Gefen taya kuwa shi ne wurin da ba ya faci. Tayar gaba in ta fashe ana gudu, Allah ya kiyaye.

Masu ƙera wili sukan buga wannan awo a jikinsa, galibi ta baya. Goge ƙura ka nemi haruffa biyu, ET, da lamba a gabansu, kamar ET40. Duba na tsohon wilinka, ka duba na sabon. In lambar ta fi girma, wilin zai ƙara shigewa ciki. In ta fi ƙanƙanta, zai fito waje. Bambancin da bai wuce 5 ba yawanci ba ya kawo matsala, muddin faɗin wilin ɗaya ne.

Idan tsatsa ta cinye rubutun fa? Sai ka auna da kanka. Tef irin na tela da miƙaƙƙen katako sun isa. Amma a cire tayar tukuna.

Kifa wilin a ƙasa mai daidai, bayansa yana kallon sama. Gicciya katakon a bakinsa. Auna daga ƙasa zuwa katakon: wannan shi ne faɗin wilin duka. A ce ka sami santimita 18. Raba biyu, 9 ke nan. Sai ka sake aunawa daga katakon zuwa faffaɗan wurin nan mai ramuka. A ce ka sami 13. Cire 9 daga 13, saura 4. Santimita 4 milimita 40 ce, wato ET40. Rubuta lambar a takarda ka tafi da ita kasuwa, tare da tef ɗinka. Ka ga amfanin ajin yaƙi da jahilci ke nan.

Bayan an ɗaura sabon wili, kada ka yi sauri. A ɗaga motar da jak, a juya tayar da hannu, a saurara. A karya sitiyari hagu da dama har ƙarshe. Sannan a ɗora kaya a ɗan zagaya, a dawo a leƙa gefen tayar ciki da waje. In ka ga wani wuri ya yi sheƙi kamar an goge shi, to tana taɓa wani abu. Shi ya sa tun wurin ciniki ka yi sharaɗi da mai kaya, a gaban shaida, cewa in bai zauna daidai ba za ka dawo da shi.